Walimar Jamusanci a Yelwa

Na daɗe ina koyar da Hausa a wata makarantar sakandare a Yelwa, na ga bukukuwa iri-iri a filin makarantar, amma babu wanda nake tunawa in ji tsaki ya zo mini baki kamar na ranar da aka ce za a karrama yarinyar da ta ci gasar rubutun Jamusanci.

Malaminmu na darasin noma shi ne mafarin abin. Mutumin Ngaski ne, siriri, mai ƙarancin magana. Yana saurayi wani shirin kiwon kifi ya tura shi Jamus ƙaro ilimi, ya yi 'yan shekaru a can, ya dawo da yaren a bakinsa. Shirin ya mutu kamar yadda irinsa suka saba mutuwa, shi kuma ya faɗo aikin koyarwa. Wata rana a taron malamai ya nemi a ba shi aji guda bayan an tashi, ya riƙa koya wa duk yaron da yake so Jamusanci, kyauta.

Shugaban makarantarmu na lokacin mutum ne mai tumbi da son girma. Idan ba ka ce masa ranka ya daɗe ba, bai ji gaisuwarka ba. Ya dubi malamin ta saman tabarau ya ce, "Malam, yaran da Turancin jarrabawa ma ya gagare su, su za ka ɗora wa Jamusanci? Da wa za su yi shi a nan, da kifin tafki?"

Aka kwashe da dariya, musamman waɗanda dariyarsu ba ta fitowa sai shugaba ya yi magana. Daga ƙarshe aka ba shi tsohon sito na bayan azuzuwa, inda ake jibge karyayyun bencina, rufinsa kuma yana yoyo. Shi da yaran suka share, suka tura bencinan gefe, ya sayo baƙin fenti ya yi allo a jikin bango.

Da farko ɗakin cika yake, don yara suna son sabon abu. Kafin zangon ya ƙare an watse, sai 'yan kaɗan da ba su cika benci biyu ba. A cikinsu akwai wata yarinya 'yar aji biyar, 'yar Gungawa, daga wani ƙauyen masunta a ɓangaren Shanga. Tana zaune a Yelwa wurin gwaggonta mai bandar kifi, shi ya sa kayan makarantarta ba sa rabuwa da warin hayaƙi, 'yan ajinsu kuma suka laƙaba mata suna da shi. Ba ta kula su. A ajina ma haka take, ba ta ɗaga hannu, amma idan na karɓi rubutun insha'i nata nake ajiyewa ƙarshe don in wanke idona da shi. Na taɓa tambayarta me ya kai ta ga yaren da ko a rediyo ba ta jin sa. Ta ce, "Malama, a gida Gunganci muke yi, a kasuwa Hausa, a aji Turanci. Kowanne da aka kawo na ɗauka. Wannan ma an kawo."

A shekara ta biyu malamin ya ga sanarwar gasa a wayarsa, ta ɗaliban sakandare masu koyon Jamusanci a ƙasashen Afirka. An ce kowa ya yi rubutu a kan garinsu. Yarinyar ta same ni a ofishin malamai ta ce tana son ta faɗa mini abin da za ta rubuta da Hausa tukuna, in ji ko ya tsaru. Ba ƙauyen da take zuwa hutu ta zaɓa ba. Tsohon tsibirinsu ta zaɓa, wanda ruwa ya shanye lokacin da aka datse kogi aka yi tafki, tun ba a haifi babanta ba. Ta ce idan suna cikin kwalekwale suka iso wani wuri, babanta kan sassauta tuƙi ya ce nan ne kasuwa, can ne gidan kakanku, alhali babu komai sai ruwa. Ta ce kakarta har ta rasu ba ta cin kifin da aka kamo a wurin. Ta kuma faɗi yadda aka kwaso mutanen tsibirin aka zuba a gidajen siminti masu zafi, waɗanda wanda ya zana su bai taɓa tambayar inda za a ajiye rumbu ba. Ban gyara mata komai ba. Ta je ta zuba shi cikin Jamusanci da ɗan abin da ta iya, malamin ya ba ta wayarsa ta buga da yatsa, aka aika.

Bayan 'yan watanni sakamako ya fito, ita ce ta biyu. Aka aiko mata da takardar shaida da ƙamus da littattafan karatu.

Ban taɓa ganin mutum ya sauya fata da sauri kamar shugabanmu ba. Washegari a layin safe ya tsaya yana shelanta cewa makarantarsa ta ɗaga sunan ƙasa a idon duniya. Kafin mako ya zagayo an kafa kwamitin biki, an raba shi gida-gida, kowane gida da shugabansa. Malamin noma ba ya cikin ko ɗaya. Ni aka ba ni abinci, kamar kullum, don a makarantar nan mace ko digiri nawa gare ta, ranar biki tukunya ce rabonta. Aka kuma ce in fassara rubutun yarinyar zuwa Hausa don a karanta wa jama'a.

Na zauna da ita da malamin muka fassara shi tsaf. Shugaba ya karɓa, ya karanta yana yamutsa fuska, ya ɗauki jan biro.

"Malama, biki za mu yi ko zaman makoki? Ruwa ya ci gari, tsohuwa ba ta cin kifi. Manyan mutane za su zo. Cire wannan, cire wannan. A ƙarshe ki sa godiya ga hukumar makaranta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, abin da ka ce a cire shi ne abin da ya ci gasar. Kuma ba ta rubuta godiya ba."

Ya ce, "To yanzu ta rubuta."

A ranar ce kuma ya kira yarinyar gabana ya ce ta aika wa babanta ya kawo kifi mai kyau na manyan baƙi, giwan ruwa in da hali. "Ai ɗiyarshi za a ɗaukaka," in ji shi, yana dubana kamar ya yi wata dabara. Yarinyar ta durƙusa ta ce to. Ni na san damina ce, ruwa ya cika, kifi ya yi wuya, amma wa ya tambaye ni.

Aka shafa fenti a bangon da zai fuskanci rumfa, sauran bangayen aka bar su da dattinsu. Aka kulle siton da ake karatun, aka ɗauko ƙamus da littattafan aka jera a ɗakin gwaje-gwaje, wai nan ne ajin Jamusanci. Malamin zane ya sa yara suka yi ƙatuwar tuta a kwali, sai dai launukan a tsaye suka yi su maimakon a kwance. Malamin noma ya matsa kusa da shugaba ya ce a hankali wannan ta fi kama da tutar wata ƙasa maƙwabciyarsu. Shugaba ya ce, "Wa zai sani?" Aka ari kayan shugabar ɗalibai aka ba yarinyar, don kar babban baƙo ya shaƙi hayaƙi. Sun yi mata yawa, hannun rigar ya rufe yatsunta.

Babban baƙon wani attajiri ne mai gidajen mai, wanda a lokacin yake shafa wa kansa mai don neman takara. An ce zai iso da hantsi. Tun da safe aka jera yara a fili, rumfunan kuwa na manya ne. Hantsi ya wuce, rana ta take, aka yi azahar. Yara mata suka fara zubewa, ana kwasarsu zuwa inuwa ana yayyafa musu ruwa. Ɗan lasifika, wato malamin da ke gabatar da taro, yana ta ce musu su yi haƙuri, mai girma yana hanya.

Baban yarinyar kuwa tun da sassafe ya iso, a jirgin ruwan 'yan kasuwa. Ni na karɓi kayan a bayan kicin: giwan ruwa guda, ƙato, wanda sai da mutum biyu suka kama, da kwandon banda. Dattijo ne baƙi mai faɗin kafaɗa, ya sa rigarsa ta Juma'a da hula sabuwa. Na shiga hidimar tukwane na manta da shi. Sai can da rana na fito neman itace na gan shi tsugune a gindin dogonyaro kusa da ƙofar shiga. Ashe ya nufi rumfa aka tare shi, aka ce kujerun na manyan baƙi ne.

Na je na sami ɗan lasifika na ce uban yarinyar yana waje, a ba shi kujera a gaba. Ya duba takardar hannunsa ya ce ba ya cikin tsari. Kujerun gaba kuwa rabinsu babu kowa, an ajiye wa 'yan rakiyar mai girma. Na ɗauko kujerata ta ofis na kai masa gindin bishiyar. Ya miƙe yana gode mini, ya ce, "Bari wahalad da kanki, Malama. Nan ma ina jin mi aka cewa." Da ƙyar ya zauna a bakinta, kamar wanda aka ce aro ce za a karɓe.

Sai da la'asar ta kawo jiki motoci suka shigo da jiniya da maroƙa. Aka fara jawabai. Wakilin ofishin ilimi ya yi nasa, ya yaba wa ofishin ilimi. Shugaban ƙungiyar iyaye ya yi nasa, ya roƙi a gyara masa hanyar unguwarsu. Sannan shugabanmu ya tashi. Ya kwana biyu yana haddar gaisuwar Jamusanci, ya buɗe baki ya ce wani abu mai kama da guntun taki, aka tafa. Ya ce tun ranar da ya kama aiki ya hango cewa duniya ta zama gari guda, shi ya sa ya kira wani daga cikin malamansa ya umurce shi da ya fara koyar da harsunan waje. Ya ce an yi masa dariya a lokacin, amma bai karaya ba. Na waiwaya na dubi malamin noma. Yana layin ƙarshe, kan bencin yara, ya haɗa hannuwa a cinya yana kallon ƙasa. Waɗanda suka yi dariyar a ofishin malamai su ne suka fi kowa tafi.

Attajirin ya karɓi lasifika. Duk abin da ya sani game da Jamus mota ce, don haka a kan mota ya yi jawabi. Ya ce Marsandinsa ta farko har yau tana tashi, ƙarfen Jamus ba ya ƙarya. Ya ce wannan yaro haziƙi abin alfahari ne, wannan yaro ya nuna cewa matasanmu maza ne. Sai da ya maimaita yaro sau da yawa kafin wani ɗan korensa ya raɗa masa a kunne. Bai ko ji kunya ba, ya ce, "Au, ashe mace ce? To abin ya ƙara armashi." Ya ɗaga hannu ya yi alkawari a gaban jama'a cewa shi da kansa zai tura ta Jamus karatu. Maroƙa suka ɓarke, mata suka yi guɗa.

Aka kira ta. Ta fito tana naɗe hannun rigar aro, ta tsaya gaban lasifikar da ta fi ta tsawo, ta fara karantawa. Muryarta ba ta rawa. Ni ban san me kalmomin suke nufi ɗaya bayan ɗaya ba, amma na san labarin, na kuma ji yadda take sassautawa a inda ya kamata. Jamusanci yana da wasu sautuka da ake fitarwa daga maƙogwaro. Da ta zo kan na farko yara suka fara ƙus-ƙus. Ɗan lasifika, wanda a ganinsa aikinsa shi ne ya sa manya dariya, ya kai bakinsa ga tasa lasifikar ya ce, "Jama'a a kawo ruwa, ƙayar kifi ta maƙale!"

Filin ya ɗauka da dariya. Attajirin har da buga ƙafa. Shugabanmu yana dariya yana satar kallon attajirin don ya san lokacin da zai daina.

Ta tsaya. Ta ɗaga kai ta nemi malaminta a can baya, ya gyaɗa mata kai, ta ci gaba. Ba ta yi nisa ba wayar mai girma ta yi ƙara, ya amsa da ƙarfi yana zancen tankar mai, sannan ya yi wa shugaba alama da agogo. Ɗan lasifika ya katse ta da "madalla, madalla, a tafa mata." Fassarar da aka yanke aka yi wa kwaskwarima, ita ma ba a karanta ba. Ban yi baƙin cikin wannan ba.

Kyautar da aka miƙa mata wani allon katako ne mai sheƙi, hoton attajirin ya cinye rabinsa, sunanta a ƙasa da ƙananan baƙaƙe, an ma yi kuskure a rubutun. Takardar shaidar gaskiya kuwa, wadda aka aiko daga masu gasar, shugaba ya riga ya sa ta a gilashi ya rataye a ofishinsa. Wajen hoto manya suka yi ta turereniya, kowa yana son ya tsaya kusa da mai girma, har aka matse ta zuwa gefe. A hoton da ya fito daga baya kafaɗarta ɗaya da rabin fuskarta ne kawai suka shiga.

Aka shiga ofishin shugaba cin abinci. Ni na soya kifin nan, ni na yi farfesun kan, na san yawansa. Kafin in juya an suɗe faranti, abin da ya rage 'yan rakiya suka juye a leda, kwandon banda kuma na ga ana cusa shi a bayan mota. Na shiga na tsaya a gaban shugaba, yana sakace haƙori.

Na ce, "Ranka ya daɗe, mai kifin yana bakin ƙofa tun safe, ko ruwa ba a ba shi ba."

Ya ce, "Wane mai kifi? Oho. A ce mashi mun gode, kifi ya yi daɗi. Mu riƙa saye wurinshi."

Na ce, "Uban yarinyar ne."

Ya ce, "To me ya hana shi shigowa?" Ya juya ya ci gaba da hira da wakilin ofishin ilimi.

Na koma kicin na kankare shinkafar da ta rage a gindin tukunya, na zuba miya babu kifi, na kai wa dattijon. Ya ci kaɗan, ya ce jirgin ƙarshe zai tashi. Muka raka shi bakin ruwa, ni da malamin noma da yarinyar, wadda ta riga ta mayar da kayan aro ta sa nata. Dattijon ne ya riƙe allon katakon, yana juya shi yana duban hoton. Ya tambayi malamin ko wannan ne Bajamushen da ya ba da kyautar. Malamin ya ce a'a, baba, mai gidan mai ne.

A hanya ya tambayi 'yarsa abin da ta faɗa a lasifika. Ta fara gaya masa da Gunganci, muna biye muna jin abin da ba mu fahimta. Ta daɗe tana magana, har muka wuce masu saƙar taru muka iso inda ake ɗaure jirage. Sai da ta gama ya juyo da Hausa, wataƙila don mu ji, ya ce, "Wa ya gaya miki tsamiya ce a bakin kasuwar? Giginya ce. Inna ta ce giginya." Ta ce to, baba. Ya ce, "Ki gyara masu, kar su riƙe ba daidai ba." Ya kama hannun malamin da hannu biyu ya daɗe bai saki ba, sannan ya shiga jirgi ya zauna tsakanin buhunan albasa.

Attajirin ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Gwaggon yarinyar ta je gidansa har ta gaji, kullum mai gadi ya ce ya yi tafiya. Takarar ma bai samu ba. Shugabanmu kuwa hoton nan ya yi masa rana, don bai cika shekara ba aka yi masa ƙarin girma zuwa babban birnin jiha. Da zai tafi ya kwashe kayan ofishinsa har da takardar shaidar yarinyar, sai da malamin noma ya bi shi har can ya karɓo. Malamin ya ƙara shekara guda da mu, sannan ya nemi a mayar da shi wata ƙaramar makaranta kusa da garinsu. Na ji yana kiwon tarwaɗa a bayan gidansa. Yarinyar ta gama da sakamako mai kyau, ta shiga makarantar koyon aikin jinya. Mun haɗu a kasuwar Yelwa bara, ta ce har yanzu tana bin darasin a waya idan ta sami sarari.

Sabon shugaban da aka kawo mana ya tarar da labarin gasar, ya ga abin tallatawa ne. Ya sa aka kafa allo a bakin titi, aka rubuta da manyan baƙaƙe cewa a makarantar nan ana koyar da Jamusanci. A lokacin malamin noma da ɗalibansa duk sun tafi, babu ko mutum ɗaya a cikinta da ya iya gaisuwa da yaren. Wani mai sayar da injin jirgin ruwa ya karanta, ya kawo ɗansa, ya ce yana son yaron ya iya don ya riƙa karanta masa takardun da ke zuwa da kaya. Ni ya tarar a bakin ofis. Na nuna masa ƙofar shugaba na ce ya shiga ya tambaye shi, ni Hausa nake koyarwa.